Babban babur marar riga a Maradi: in saya ko in haƙura?

Ɗan kasuwa, unguwar Zariya: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riƙe manyan babura, musamman marasa rigar nan da injinsu ke waje kowa na gani. Shekara shida ke nan ina kan Haojue 125, kuma ban taɓa hawan abin da ya fi shi ba sai sau biyu da wani abokina ya ba ni CB400 na zagaya gari. Sana'ata kayan waya ce, kusan kowane sati biyu sai na je Tasawa da Damagaram, wani lokaci Ƙonni. Ƙaramin yana kai ni, amma in na sauka sai bayana da kafaɗuna su kwana biyu suna ciwo, kuma in babbar mota ta biyo ni ba ni da ƙarfin tsere mata, sai dai in sauka gefe ta wuce ta bar ni da ƙura. Yanzu an nuna mini guda biyu, duka na hannu: Suzuki Bandit 1200 da Yamaha XJR1300. Don Allah ku gaya mini daɗinsu da wahalarsu, kada ku rufe mini komai. Kuɗin nan na daɗe ina tara su.

Alhaji mai CB1300: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah shi sa albarka ga nema. Ni Honda CB1300 gare ni, shekara ta biyar ke nan, kuma dangin waɗanda aka nuna maka ne: silinda huɗu a jere, kan babur mai faɗi, zama a miƙe kamar kana kan kujerar falo. Bari in fara da daɗin, don shi ne ya sa har yau ban rabu da shi ba.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, ba gudu ne amfanin babban inji ba, natsuwa ce. In na fita Maradi na ɗauki hanyar Cadawa, na saka giyar ƙarshe, kilomita 100 ko 110 a awa, injin ko numfashi bai fara ba. Kai a kan 125 ɗinka, in ka kai 90 komai rawa yake, hannunka na kaɗawa, madubi ba ka ganin komai cikinsa. Wannan rawar ce ke gajiyar da kai, ba nisan hanya ba. Kuma maganar babbar mota da ka yi, nan ne za ka ga bambanci. Kana bayan tirela, ka leƙa ka ga hanya fes, ka ɗan murɗa hannu, kafin ka ƙirga uku ka wuce ta ka koma hannunka. Ba sai ka rage giya ba ma. Tsawon lokacin da mutum yake yi a gefen tirela shi ne haɗarin, babban babur yana taƙaita shi.

Nauyinsa kuma a kan gudron alheri ne. Motar fasinja in ta gifta ka, iskarta ba ta ture ka. Tankina lita 21 ne, ina cika shi a Maradi in shiga Damagaram ban tsaya neman mai ba, kuma da saura. Na sha ɗauko uwargida zuwa Madawa gidan iyayenta, ta ce kujerar bayan ta fi ta wasu motocin haya daɗi.

Wahalar kuma guda biyu ce a wurina, sauran zan bar wa ƴan'uwa. Ta farko iska. Tunda ba shi da riga, ƙirjinka ne gilashin. Daga 120 zuwa sama sai ka ji kamar ana jan kanka ta baya, wuya ya riƙe. In hunturu ne kana tafiya gabas kana fuskantar iska, ko 100 sai ka ji ta. Ni ban ɗauki wannan aibi ba gaba ɗaya, don ita ke hana ni wuce gona da iri, amma dai gajiya ce. Ta biyu nauyi. Nawa ya haura kilo 260 in tanki ya cika. Wanda ya saba ɗaga 125 da hannu ɗaya ya juya shi cikin zaure, sai ya sake koyon komai.

Wanda ya sayar da nashi: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma Alhaji ƙofar gidansa pabe ce. Ɗan'uwa, ka ce a Zariya kake. Layinku gudron ne ko rairayi?

Ɗan kasuwa, unguwar Zariya: Rairayi ne, yaya. Daga bakin gudron zuwa gida zai kai mita ɗari huɗu, kuma akwai wani wuri mai zurfi kusa da masallaci da ko motoci ke kafewa.

Wanda ya sayar da nashi: To ka saurare ni da kyau, don abin da ya raba ni da nawa ke nan. Na riƙe Bandit 1200 wata goma sha huɗu. A kan hanya ba ni da abin cewa sai alheri, inji ne mai haƙuri. Amma waɗannan baburan an yi su ne don kwalta. Tayar gaba inci 17 ce, gajeriya mai faɗi, ba ta yanka rairayi, tura shi take yi kamar garma. Da ka shiga mai laushi sai kan ya fara kaɗawa hagu da dama, in ka tsorata ka rage wuta, gaban ya nutse, shi ke nan ka kwanta. Ƙaramin babur in ya karkace sai ka sa ƙafa ka tare shi. Wannan in ya wuce wani mizani babu ƙafar da za ta riƙe shi. Sau uku na faɗi a layinmu, ba da gudu ba, a tsaye kusan. Na ukun salansa ta danne mini ƙafa, har yanzu tabon na nan. Kuma ba ka iya tada shi kai kaɗai a cikin rairayi sai ka kira samari.

Tun ayyukan gyaran gari na bikin Maradi Kolliya a 2015 manyan titunan gari sun gyaru, wannan ba musu. Amma yawancinmu ba a kan manyan tituna muke kwana ba. Mita ɗari huɗun nan safe da yamma za ka bi ta, da damina kuma ta zama taɓo da kududdufi. Na wayi gari ina jin nauyin fita da shi, sai ya koma ajiya a zaure, batir ya mutu, mai ya bushe a kabureta. Da na ga haka na sayar tun yana da daraja.

Alhaji mai CB1300: Akwai dabara, ai. Giya ta biyu, wuta daidai ba ragewa, a saki kan babur kada a ƙanƙame shi, a duba nesa ba ƙasan taya ba, kuma kada a taɓa birkin gaba. Amma na yarda, dabara ce da ake koya da faɗuwa. In ya saya, abu na farko ya kai shi wurin mai walda a yi mishi ƙarfen kare inji a gefe biyu, don murfin injin waɗannan baburan ya fito waje, shi ke fara taɓa ƙasa.

Mai gareji, Mokoyo: Salamu alaikum. Na ga ana maganar abin da ke ci da ni, bari in sa baki. Ina duba manyan babura a garin nan, kuma biyun da aka ambata duk sun ratsa hannuna.

Bandit 1200 injinsa cc 1157 ne, iska da baƙin mai ke sanyaya shi, ba ya da lagireton ruwa. XJR1300 cc 1251, shi ma iska ce da ƙaramin abin sanyaya mai a gaba. Bandit 1200 duka kabureta ne, sai da aka fito da 1250 a 2007 aka koma ruwa da injeksiyon. XJR ma kabureta ne har 2006, daga 2007 injeksiyon. Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa mai XJR ɗin ita ce na wace shekara ne, kuma kada ka tsaya ga bakinsa, ka leƙa bayan injin da idonka.

Ga ra'ayina. A Maradi, inji marar ruwa yana da sauƙin sha'ani: babu famfon ruwa, babu fanka, babu tiyon da zai tsage, babu lagireton da dutse zai huda tsakanin Agaye da Gazawa. Amma iska ce abincinsa. Muddin kana tafiya, lafiya lau, ko a watan Afrilu. In ka shiga cunkoson babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a da rana tsaka, zafi ya haura 42, kana tafiyar kunkuru tsakanin kekuna da masu tura, to injin yana dahuwa, kai ma cinyoyinka suna dahuwa. Mai ruwa irin na Alhaji fanka za ta tashi ta taimaki injin, sai dai iskar zafin duk a ƙafafunka take hurawa. Babu wanda ya dace da shiga kasuwa a cikinsu.

Kabureta huɗu kuma ba kabureta ɗaya ba ce. Dole a daidaita su su riƙa shan iska daidai da juna, kuma da agogon awo ake yi, ba da kunne ba. Yawancin waɗanda ake kawo mini suna cin mai kamar rijiya, suna baƙin hayaƙi, ba injin ne ya mutu ba, wani ne ya buɗe kabureta ya murɗa sukurori yadda yake yi wa 125. Amfaninta shi ne, in datti ya shiga, ana kwancewa a wanke a mayar, a ko'ina. Injeksiyon ya fi tsabtar aiki da tashi da safe, amma in famfon mai na cikin tanki ya mutu, sai jiran saƙo.

Abin da ke kashe su a nan abu uku ne. Man kwalba na bakin hanya, wanda ba ka san abin da ke ƙasansa ba. Ƙurar hunturu, da ke toshe filtar iska cikin ƴan makonni, wasu kuma in ta toshe sai su cire ta gaba ɗaya, daga nan rairayi ya shiga ya cinye silinda. Sai baƙin mai na mota. Kulocin waɗannan baburan a cikin mai yake wanka, in ka zuba na mota mai santsi sai ya fara zamewa. Ka nemi galan da aka rubuta JASO MA ko MA2 a bayansa. Wajen lita huɗu yake sha a kowane bidanji, ba lita ɗaya ba, ka sa wannan cikin lissafi.

Ɗan kasuwa, unguwar Zariya: Maigida na gode ƙwarai. To man fa, nawa suke sha? Wani ya ce mini sai na riƙa bin tasha kamar mai taksi.

Alhaji mai CB1300: Nawa a kan hanya, tafiyar hankali, lita 6 zuwa 7 a kilomita 100. Cikin gari ya fi haka. Tun da aka sauko da lita zuwa sefa 499 a Yulin 2024, ka ce dala ɗari ke nan, to Damagaram kusan kilomita 240 ce, zuwa kaɗai jikka takwas ko kusa, zuwa da dawowa goma sha huɗu da rabi zuwa kusan sha bakwai. Kai ka san abin da 125 ke sha maka, ba ya kai rabin haka. Ka auna da ribar da kake samowa a tafiya guda. Kuma da can muna samun sauƙi da man Najeriya, amma tun da suka cire tallafi a 2023 wannan ƙofar ta rufe.

Matashi mai MT-09: Manya ku yi mini afuwa, zan ɗan saɓa. Me ya sa sai tsofaffin nan masu nauyin bijimi? Nawa Yamaha MT-09 ne, cc 847, silinda uku, kilo 188 da mai a ciki. Bambancin da ke tsakaninsa da na Alhaji ya kai nauyin babban mutum guda. Ina shiga rairayin unguwar Ali Ɗan Tsoho da shi kullum, in ya karkace ina tare shi. Ƙarfi kuma ba ya jin kunyar kowa. Ko MT-07, cc 689, ya ishe shi zuwa Damagaram ya dawo, kuma ya fi sauƙin mai.

Mai gareji, Mokoyo: Ƙanena, maganarka ta nauyi gaskiya ce, ba na musu. Amma ka faɗa mishi sauran. Tankinka lita 14 ne. Kujerarka siririya ce, in ka ɗauko mutum zuwa Ƙonni sai ya sauka yana ɗingishi. Kuma babur ne mai zafin kai, da ka taɓa totur yake zabura, gaba na neman tashi. Wanda ya taso daga 125 kai tsaye ban so ya fara da shi ba. Sannan duk jikinsa waya ce da na'ura. In fitilar inji ta kama, sai an nemi mai kwamfutar da za ta karanta shi, ba kowane gari ake samu ba. MT-07 ɗin dai na yarda da shi, shi ne shawarar da zan ba mafi yawan masu tasowa in kuɗinsu ya kai, don sababbi ne, ba a samunsu da arha kamar Bandit.

Matashi mai MT-09: Zafin kan gaskiya ne, akwai maɓallin da ake sa shi ya lafa, ni a kansa na yi watannin farko. Tankin ma gaskiya ne, ina ƙara mai a Tasawa kowace tafiya. Amma har yanzu ina kan bakana, a garin rairayi kilo saba'in ba wasa ba ne.

Tsohon ɗan kabu-kabu: Ni ban taɓa mallakar babba ba, amma na yi shekara goma sha ɗaya a kan titin garin nan, kuma akwai abin da ban ji an taɓo ba. Malam ya ce kayan waya yake kaiwa. A ina zai ɗora su? Ƙaramin babur akwai kariya a baya, ka ɗaure kwali uku da roba ka tafi. Waɗannan babu wurin ɗauri, wutsiyarsu gajeriya ce, salansa kuma tana ƙona duk jakar da ta sauko gefe. In babur na neman abinci ne, a fara da wannan tambayar.

Ɗan kasuwa, unguwar Zariya: Wallahi Baba ka taɓo inda ban yi tunani ba. Manyan kwalaye dama a motar kamfani nake aikawa, in bi su daga baya. Abin da nake riƙewa jaka ɗaya ce ta wayoyi masu tsada da ba na so su bar hannuna.

Alhaji mai CB1300: In jaka ɗaya ce ba matsala. A yi maka kariya a sa akwati mai makulli a baya, kada dai ka cika mishi nauyi don yana sa gaba ya yi sako-sako. Jakar goyo a tafiya mai nisa kuma ka guje ta, tana ƙara ciwon kafaɗa.

Wanda ya sayar da nashi: Ku yi mishi maganar taya, don ita ce ta biyu da ta karya mini gwiwa.

Mai gareji, Mokoyo: Ita ce babbar magana ma. Gaba 120/70, baya 180/55, duka inci 17, marasa tub. Ba za ka shiga shagon kayan babur a Sabon Gari ka ce a ba ka ba kamar ta Boxer. Daga Kano ake kawowa, ko Yamai, ko a sa cikin kaya daga Lome. Tun da iyakarmu da Benin ta Gaya ta rufe a 2023, abin da ke zuwa ta teku yana daɗewa a hanya kuma ya ƙara kuɗi. Ta baya ba ta daɗewa, ƙarfin injin da zafin gudron suna cinye tsakiyarta ta zama shafaffiya. Wanda ke zuwa Damagaram sau biyu a wata yana cin kusan kilomita dubu a wannan hanyar kaɗai, to ya sa a ransa sayen taya abu ne na kowace shekara, wataƙila ma kafin shekara ta zagayo.

Masu kawo ta hannu daga Turai suna da yawa, kuma nan ake cutuwa. Za ka ga zanenta da saura, amma robar ta bushe ta yi tauri. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lamba huɗu: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a sati na 23 na 2016. Wadda ta wuce shekara biyar ko shida ni ba na ɗaura wa mutum ita, ko ya roƙe ni. Kuma kada ka bari mai faci ya sa mata ƙarfen da yake ɓare tayar mota da shi, yana lanƙwasa bakin rim, daga nan iska ta riƙa zurarewa. Ka sayi igiyar toshe huda da ɗan famfo ka ajiye ƙarƙashin kujera, ƙusa da ƙayar aduwa ba su san babban babur ba.

Sarƙa da haƙoranta, takalmin birki, filtar mai, buji huɗu, duk haka suke, sai an yi oda. Shawarata ga duk mai irin wannan babur, ya riƙa sayen abu tun kafin na jiki ya ƙare. A nan Bandit ya ɗan fi, don an sayar da shi da yawa a Turai, kayansa na hannu sun fi yawo.

Ma'aikacin asibiti: Salam. Ni ma ina da CB400, kuma ina son babura, kada a ɗauka hana shi nake. Amma aikina ya sa ina ganin ƙarshen labarin da ba a kawowa zaure. Hanyar da yake bi ba ta Turai ba ce. Akwai jaki, akwai amalanken shanu da ba ta da fitila, akwai awaki a mashigar kowane ƙauye, akwai yaro da zai tsallaka bai duba ba. A kan 125 kana 70, ka gan su ka tsaya. A kan 1200 za ka kai 130 ba ka sani ba, don injin ba ya kuka ya gargaɗe ka, kuma nisan da kake buƙata ka tsaya ya ninka fiye da sau uku. Tsofaffin nan yawancinsu ba su da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an ja birki, in ka damƙe birkin gaba a kan rairayin da iska ta watso bisa gudron, tayar ta kulle.

Don Allah in kuɗin ba zai isa babur da kaya ba, a rage na babur. Kaske mai rufe haɓa, ba irin kwanon nan ba, a kuma ɗaure igiyarsa. Riga mai kariya a gwiwar hannu da kafaɗa, akwai masu raga da iska ke ratsawa don zafinmu. Safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu. Babbar riga da silifa ba su tafiya da wannan abin, gefen riga yana iya shiga sarƙa. Kuma magariba ta same ka a masauki, ba a hanya ba.

Alhaji mai CB1300: Likita ya gama magana. Ni ƙa'idata, in na ga rana ta yi ja ina Tasawa, a Tasawa nake kwana. A ƙara da tudun rage gudu na mashigar garuruwa, cikin waɗannan baburan ƙasa-ƙasa yake, bututun salansa ta ƙarƙashin inji suka bi. In ka hau da gudu ko da mutum a baya sai ka ji ya daki ƙasa.

Mai aikin transit: Abu ɗaya zan ƙara, takardu. Kafin ka ba da ko dala, ka ga takardar duwan da kart giriz, ka duba lambar shasi da ke wuyan babur ka gwada da ta takarda harafi bayan harafi. In ka ga wurin an goge ko an sake bugawa, ka juya ka tafi komai arharsa. Da yawa ta Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa da lambar Najeriya, mai sayarwa ya ce maka ba komai. Cikin gari wataƙila ka yi kwanaki ba a tsayar da kai ba, amma kai mai ratsa shingaye ne har Damagaram, kuma babban babur ba ya ɓuya, kowane jami'i sai ya so ya gan shi kusa. Kuɗin duwan ka sa shi cikin ciniki tun farko. Permi na babur da asiransi su ma su zama a aljihu.

Wanda ya sayar da nashi: Rashin ɓuyan nan ma wani abu ne. Duk inda ka tsaya yara sun kewaye shi, kuma injin a waje yake da zafi, sai ka riƙa tsaron kada wani ya dafa. Ƴan'uwa kuma kowa ya ɗauka ka yi kuɗi. Ga masu zuwa aro ranar ɗaurin aure. Wannan kada ka ji kunyar hanawa, wanda bai saba ba minti biyar ya ishe shi ya ji wa kansa ciwo.

Matashi mai MT-09: In da kuɗi ba matsala ba ne, abin da ya dace da ƙasarmu Ténéré 700 ne. Injinsa ɗaya da MT-07, amma tayar gaba inci 21, doguwar ƙafa, ga gilashin tare iska. Sunan ma na hamadarmu ne. Sai dai kuɗinsa ya sayi Bandit fiye da ɗaya.

Ɗan kasuwa, unguwar Zariya: Wannan ya fi ƙarfina yanzu, ƙanena. Jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta komai sau biyu. Ga inda na tsaya. Da niyyata in sayar da Haojue in cika kuɗin, yanzu na fasa, zai zauna don kasuwa da zirga-zirgar unguwa. Babban na hanya ne kawai. Na yi magana da wani ɗan'uwan mahaifina da gidansa ke bakin gudron, ya ce in riƙa ajiye shi a garejinsa, ka ga maganar rairayi ta ragu. Na kira mai XJR ɗin, ya ce na 2003 ne, amma da na tambayi takardar duwan sai ya fara kewaye-kewaye. Mai Bandit ya turo mini hoton takardunsa duka, kuma ya ce irin mai ɗan gilashi ne a gaba.

Mai gareji, Mokoyo: Wato 1200 S ke nan, mai rabin riga. Inji ɗaya ne da marar rigar, amma wannan ɗan gilashin zai sauke maka iskar da Alhaji ya yi magana daga ƙirji, ga mai tafiya irin taka ya fi. Ka ce mishi za mu zo da safe, kuma kada ya tada shi kafin mu iso. Ina so in dafa injin in ji shi da sanyi, don inji mai ciwo da safe yake faɗin gaskiya. Zan duba hayaƙi, in saurari sarƙar cikin inji, in leƙa cikin tanki da tocila ko akwai tsatsa, in ga ko sandunan gaba suna zubar da mai, in auna cajin batir. In tayoyin sun tsufa, kuɗin sababbi za mu cire daga farashin. Asabar ina da hali kafin ƙarfe tara.

Alhaji mai CB1300: In kun gama dubawa ku kira ni. Sai mu fita hanyar Tibiri, ni a gaba kai a baya, ba za mu wuce 80 ba. Akwai fili mai tauri a gefen hanya inda zan nuna maka juyawa a hankali da yadda ake tada shi in ya kwanta, da baya ake turawa ba da hannu ake ɗagawa ba. Ina da kaske na biyu, zan zo maka da shi, amma ka sa takalmi rufaffe.

Ɗan kasuwa, unguwar Zariya: To Alhaji, na gode. Maigida, Asabar ƙarfe bakwai da rabi zan biyo maka gareji in sha Allah, sai mu wuce tare.